Direban Lamba Tara Ya Hau Tudu

Shekara ashirin da shida ina kai su.
Takwas saura kwata, tashar bakin kasuwa,
su shigo da jakar goyo da sanduna bibbiyu,
kamar masu tsoron ƙasa za ta zame ta bar su.
In ce barka da asuba, in yaga tikiti,
in bi gefen kogin Wye kwana bayan kwana
har tsohuwar gada, inda babu komai
sai allon katako da kibiya mai nuna sama.
Nan suke danna ƙararrawa.

Ni a madubi na san tudun nan:
ya cika gilashi, ya ƙanƙance, kwana ta haɗiye shi.
Da yamma su dawo mini da shi a tafin takalmi,
jan taɓo, ruɓaɓɓen ganye, kashin tumaki,
in share shi a gareji
ina ƙunƙuni.

Eluned ta sha cewa, Idwal, ran hutunka mu hau.
In ce gwiwa. In ce yayyafi. In ce sai an yi rana.
Ta gaji, ta koma tafiya ita kaɗai ran Alhamis.
Sandarta na bayan ƙofa shekara biyu ke nan,
kuma babu mai cewa mu hau.

Yau na nuna katin tsofaffi kamar kowa.
Nesta, yarinyar da ta gaji kujerata, ta yi dariya.
Na zauna can baya, ƙafata na taka birkin da babu shi.
A kwanar injin niƙa ta makara wajen canja giya,
na ciji leɓe, ban tanka ba.
A gada na danna ƙararrawa,
karo na farko na ji yadda take daga wannan ɓangaren.

Ƙyauren ƙarfe mai taurin sakata.
Ciyawa jiƙe har cinya.
Tumaki masu shuɗin fenti a gadon baya
suna kallona kamar na ci musu bashi.
Numfashina ya koma na tsohon inji a hawa,
ba giyar da zan sauka zuwa gare ta.
Meurig, wanda na ɗaga wa hannu sau dubu
ban taɓa jin muryarsa ba,
ya jingina da katangar duwatsu, ya ce:
ashe kana da ƙafafu.

Sai bishiyoyi suka ƙare, iska ta ƙwace mini hula.

Ga kogin can ƙasa, igiyar da wani ya yar bai naɗe ba.
Ga hanyata kusa da shi, ba ta kai zare ba.
Ga wani koren ƙwaro yana rarrafe a kanta,
ya tsaya a gada, ya jira, ya wuce.
Na miƙa babban yatsa, na rufe shi ɗungum.
Shekara ashirin da shida
a bayan farce guda.

Ta ce mini daga nan take ɗaga mini hannu,
na sha biyu da rabi, duk Alhamis.
Na ce ina gani.
Ƙarya na yi, idona na kan kwalta.

Na ɗaga sandarta sama, na kaɗa, na kaɗa,
har kafaɗa ta yi tsami.
Nesta ba ta gani ba. Haka ya kamata,
kwanar nan ba ta yafe wa mai kallon sama.

Na sha shayin filas, ya huce.
Na duba agogo: ta ƙarshe biyar da minti goma,
kuma na san gangara ta fi hawa cin gwiwa.

Na iske ta a gada, inji na aiki, ƙofa a buɗe,
minti huɗu bayan lokaci.
Ta dubi takalmina, ta dubi daɓen motarta.
Na ce, bar shi,
na san inda tsintsiyar take.